Gwarzayen Rukuni: Shaidar Waɗanda Suka Gani da Idonsu

A shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da zarar watan Nuwamba ya zo ƙarshe, jaridun Amurka kan fito da jerin sunayen ɗalibai goma sha ɗaya da aka zaɓa a matsayin gwarzayen ƙwallo na rukunin jami'o'in yankinsu. Ƙwallon da ake nufi ita ce irin ta Amurka, mai siffar ƙwai, wadda ake rungumewa a ruga da ita ko a jefa wa abokin wasa, abokan hamayya kuma suna ƙoƙarin kayar da mai ɗauke da ita. Jami'o'in da ke makwabtaka sukan haɗu su kafa rukuni, su riƙa karawa da juna kowace kaka: a lokacin akwai Big Ten a tsakiyar ƙasar ta wajen arewa, da Southeastern a kudu maso gabas, da Southwest a Texas da Arkansas, da Pacific Coast a gaɓar yamma. Mutane da yawa na ɗaukar zaɓen gwarzayen rukuni a matsayin ƙaramar lambar yabo idan aka kwatanta shi da zaɓen gwarzayen ƙasa baki ɗaya, wanda ya faro tun 1889, ko kuma kyautar Heisman da ake ba gwarzo ɗaya a ƙasar. Ra'ayina shi ne wannan ƙaramin jeri ya fi su zama amintacciyar shaida kan wanda ya iya wasa a wancan zamani, muddin mai karatu ya san iyakarsa.

Dalili na farko yana cikin yanayin zamanin. A 1944 Shugaba Roosevelt ya sa hannu kan dokar da ta ɗauki nauyin karatun sojojin da suka dawo daga fagen daga, kuma zuwa 1947 kusan rabin ɗaliban manyan makarantun Amurka tsofaffin sojoji ne. Filayen wasa suka cika da magidanta masu ƙarfi da suka ga jiya suka ga yau, suna takarar gurbi da samari 'yan shekara goma sha takwas. Gwanaye sun yi yawa, hanyar ganinsu kuwa ba ta da faɗi. Talabijin bai gama shiga gidaje ba, kuma daga farkon shekarun 1950 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta taƙaita nuna wasanni, galibi wasa ɗaya a mako ga ƙasar baki ɗaya, don gudun kada 'yan kallo su daina zuwa fili. Marubucin wasanni da ke zaune a New York yana zaɓen gwarzayen ƙasa ba zai iya ganin ko kashi ɗaya cikin goma na 'yan wasan da yake yanke wa hukunci ba. Dole ya dogara da rahotannin wasu, da alƙaluma, da kuma takardun talla da jami'o'i ke aika wa jaridu.

Zaɓen rukuni ya bambanta da wannan. Kamfanonin dillancin labarai irin su Associated Press da United Press sukan tattara ƙuri'un marubutan wasanni ko masu horarwa na cikin yankin, mutanen da suka zauna a gefen fili mako bayan mako. A rukunin Southwest, alal misali, jami'o'i bakwai ne a ƙarshen shekarun 1940, kuma kowace tana karawa da sauran shidan a kowace kaka. Mai horarwar da ya jefa ƙuri'a ya kwana yana tunanin yadda zai tare wannan ɗan wasa, ya kuma ga abin da ya yi wa yaransa ranar Asabar. Gani ya kori ji. Shi ya sa zaɓen Bobby Layne na Jami'ar Texas sau huɗu a jere, daga 1944 zuwa 1947, yake da nauyi: abokan hamayyarsa da 'yan jaridar da suka san rauninsa ne suka yi ta maimaita hukunci ɗaya. Amfanin wannan kusanci ya fi fitowa ga ƙartin layin gaba, waɗanda aikinsu ture abokan hamayya da buɗe wa mai gudu hanya. Ba sa cin maki, alƙaluma ba sa nuna wahalarsu, har ta kai a 1946 aka kafa kyautar Outland musamman dominsu saboda yadda ake mantawa da su. Amma kyautar Outland mutum ɗaya ke samun ta a shekara, jerin kowane rukuni kuwa yana da gurabensu a tanade.

Mai suka zai ce kusanci ma yana haifar da son kai, kuma ƙungiyar da ta ci kofi takan kwashe gurabe fiye da haƙƙinta, ɗan wasa nagari a ƙungiya mai rauni kuma a tsallake shi. Wannan gaskiya ne, sai dai cutar ta fi tsanani a zaɓen ƙasa, inda sunan jami'a kaɗai ke iya sa a san mutum ko a manta da shi. A matakin rukuni akwai jeri fiye da ɗaya a shekara guda, na wannan kamfani da na wancan, kowanne da sahu na farko da na biyu, don haka sunan da ya bayyana a dukkansu ya tsallake tantancewa iri-iri. Wani kuma zai ce ai manyan ƙungiyoyin zamanin, irin su Notre Dame da ta yi kaka huɗu daga 1946 zuwa 1949 ba a doke ta ba, da makarantar sojoji ta West Point, ba sa cikin kowane rukuni. Haka ne, kuma abin da hakan ke nunawa shi ne rashin suna a jerin rukuni ba hujja ce ta rashin iyawa ba. 'Yan wasan waɗannan makarantu su ne dama suka fi samun idon jaridun ƙasa; ɗan wasan Rice ko Baylor ko Iowa ne yake buƙatar wanda zai shaide shi.

Suka mafi nauyi ita ce ta wariyar launin fata, kuma ba a amsa ta da ɗaga kafaɗa. Rukunin Atlantic Coast bai ga baƙar fata a filin ƙwallonsa ba sai 1963, lokacin da Darryl Hill ya buga wa Maryland. Southwest ya jira har 1966, Southeastern kuma har 1967, lokacin da Nate Northington ya buga wa Kentucky. Saboda haka kusan duk jerin gwarzayen waɗannan rukunoni na shekaru ashirin bayan yaƙi jeri ne na fararen fata zalla, a yankin da miliyoyin baƙaƙe ke zaune. Inda aka bari suka yi wasa ma, ba su tsira ba. Johnny Bright na Jami'ar Drake, wanda ya fi kowa a ƙasar yawan yadin hari a 1949 da 1950, an karya masa muƙamuƙi da duka a wasan da suka yi da Oklahoma A&M a garin Stillwater ranar 20 ga Oktoba, 1951, kuma hotunan lamarin, waɗanda jaridar Des Moines Register ta buga, sun ci kyautar Pulitzer. Duk wanda ya karanta jerin kudancin Amurka na wancan lokaci kamar shi ne cikakken hoton gwanayen yankin ya yaudari kansa.

Amma a lura da inda laifin yake. Masu zaɓe sun auna waɗanda ke cikin fili. Hukumomin jami'o'i da dokokin jihohi ne suka tsare ƙofa. Da ƙofar ta buɗe, ma'aunin bai daɗe ba ya nuna gaskiya. Prentice Gautt, baƙar fata na farko a ƙungiyar Jami'ar Oklahoma, an zaɓe shi sau biyu cikin gwarzayen rukuninsa kafin shekarun 1950 su ƙare. Jerry LeVias na Southern Methodist ya shiga jerin Southwest shekara uku a jere daga 1966. Sannan jami'o'in baƙar fata suna da nasu rukunonin, CIAA da SIAC da SWAC, waɗanda aka kafa tsakanin 1912 da 1920, kuma a lokacin jaridar Pittsburgh Courier tana zaɓen gwarzayensu kowace shekara. Daga wannan duniyar ne Paul Younger na Grambling ya fito ya shiga ƙungiyar Los Angeles Rams a 1949, ya tabbatar wa masu shakka cewa ƙwarewar tana nan. Gyaran da ya kamata shi ne a ajiye jerin sunayen ɓangarorin biyu kusa da juna a karanta su tare.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan karramawa ta cancanci a kiyaye ta. Ɗaliban nan ba su da albashi, kuma babbar gasar ƙwararru ta NFL ƙungiyoyi goma sha biyu kacal take da su a mafi yawan shekarun 1950, don haka mafi yawansu wasansu ya ƙare ranar da suka gama karatu. Suka koma koyarwa, da horar da yara a makarantun sakandare, da noma, da kasuwanci. Wasanninsu da yawa ba a adana hotunansu masu motsi ba, waɗanda suka kalle su kuma galibi sun rasu. Abin da ya rage na dubban 'yan wasa shi ne layi ɗaya a tsohuwar jarida, inda abokan hamayya da shaidun gani da ido suka amince cewa a wannan shekara, a wannan gurbi, babu kamarsa a yankin. Mai binciken tarihi da ke son sanin wa ya iya wasa tsakanin 1945 da 1965 ya fara da waɗannan jerin, ya haɗa da na jami'o'in baƙar fata, sannan ya duba abin da jaridun manyan birane suka faɗa.