Hukuncin Mai Tafiya Ƙasar Waje Da Ya Bar Mafaɗacin Kare A Gida

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobi, kuma Ya ɗora masa nauyin kula da su. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda mutane da yawa suke ganin ba ta kai a kawo ta filin addini ba, alhali kuwa tana iya kai mutum ga ɗaukar alhakin rai. Mas'alar ita ce: mutum yana da kare mai mugun hali, ko mai cizo, ko mai kisan kaji da awakin maƙwabta, sai ga tafiya ta taso masa zuwa wata ƙasa, ba kuwa zai iya tafiya da shi ba. To, yaya zai yi da shi?

Wannan tambaya ta shafi ƙasar Yauri ƙwarai, domin mutanenta sun san ƙaura. Lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungaye da garuruwa, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu mazauni. Har yanzu kuwa masuntanmu suna bin kifi zuwa Tabkin Cadi da madatsar Lagdo ta Kamaru, ɗalibai suna tafiya Masar da Madina, ma'aikata suna samun aiki ko ƙarin karatu a ƙasashen Turai. A ɗaya ɓangaren kuma kiwon kare ba baƙon abu ba ne daga Shanga har Wara. Manomi yana tsare gonarsa da shi daga birai, makiyayi yana kora shi tare da garke, maharbi yana shiga daji da shi. Tun da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, har suka kwashi ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, 2021, wanda a da yake ƙyamar kare ma ya ga amfanin abin da zai yi masa haushi da dare.

Tafiya da karen kuwa ba ta cika yiwuwa ba. Ingila, alal misali, ba ta karɓar kare daga Nijeriya sai an dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an yi masa allurar rigakafin hauka, an gwada jininsa, sa'an nan an jira wata uku. Masunci mai tafiya a bayan babbar mota da komarsa da iyalinsa, shi ko wurin zaman karen ba shi da shi.

Matsayin kare a shari'a

Da farko ya kamata mu san cewa a mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, haka ma yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sha a ciki, malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bauta da bin umurni. Alƙur'ani mai girma ya halatta cin abin da horarren kare ya kamo, a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida. Amma hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, ana rage masa lada mai yawa kowace rana. A kan wannan ne Shehu Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya tafi a littafin Risala.

Tsaron gida kuwa malamai sun yi saɓani a kansa. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi kansa mai littafin ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi a zamanin tsoro. Da aka tuna masa da maganar Malik, sai ya amsa da cewa in da Malik ya riski wannan zamani, da zaki zai ajiye. Saboda haka wanda ya riƙi kare don tsoron ɓarayi da mahara yana da madogara. Amma fa duk abin da shari'a ta yarda ka riƙe, ta ɗora maka haƙƙinsa.

Tafiya ba ta sauke nauyi

Abin da aka fi yi shi ne ɗayan biyu: ko a kulle gida a bar karen a ɗaure, a ce yaran maƙwabta za su riƙa jefa masa ɗan tuwo, ko kuma a kwance shi a kora shi gari ya ci da kansa. Duka biyun ba su halatta ba.

Na farko zalunci ne ga dabbar. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba. Mun kuma san labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa da ruwan rijiya. Shehu Halilu a Muhtasar ya tabbatar da cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan ba ta da inda za ta yi kiwo. Alkawarin yara kuwa ba ya wuce kwana uku.

Na biyu zalunci ne ga mutane. Karen da ya saba cizo yana ƙoshe, me ake tsammani daga gare shi idan yunwa ta kama shi? Zai bi mahauta da masu shanyar kifi a bakin ruwa, ya haɗu da karnukan da ba su da mai su, ya tare almajirai da 'yan makaranta a lungu. Ƙa'idar shari'a kuwa sananniya ce, ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. A babin jinayoyi, malamanmu sun ce wanda ya riƙi kare mai cizo, aka yi masa gargaɗi bai ji ba, har karen ya halaka mutum, diyya ta hau kansa. In kuwa da gangan ya riƙe shi don ya cuci wani takamaiman mutum, mutumin nan kuma ya mutu, to maganar ta koma ta ƙisasi. Mai tafiya ya sani cewa ƙetare iyakar ƙasa ba ya goge abin da aka rubuta masa.

Sayarwa, ko kyauta, ko ajiya

Sai wani ya ce, to bari in sayar da shi in huta. Mashhurin magana a mazhabarmu shi ne ba a sayar da kare, saboda hadisin da ya hana cin kuɗinsa. Imamu Sahnunu, wanda ya rasu a 240 bayan Hijira, ya halatta sayar da karen farauta ko na kiwo, har aka ruwaito ya ce zai iya yin aikin hajji da kuɗin. Imamu Abu Hanifa ma ya halatta. Amma a lura, sassaucin Sahnunu yana kan karen da za a yi amfani da shi ta hanyar da shari'a ta yarda. Bai shafi miƙa kare ga fatake masu bin ƙauyuka suna tara karnuka a keji, su loda su zuwa irin kasuwar Dawaki ta Jihar Filato don yanka ba. Wannan ban da haramcin cinikin, hanya ce ta kai ciwon hauka daga wata ƙasa zuwa wata.

Hanya mafi tsarki ita ce kyauta. Shehu Halilu ya ambaci kare da sunansa a cikin abubuwan da kyautarsu ta inganta. Sai dai kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Kada mutum ya ce wa ƙanensa a tasha, na ba ka kare, alhali karen yana can ɗaure a bayan gida. A miƙa shi hannu da hannu kafin ranar tafiya, gaban shaidu, in da hali da sanin mai unguwa.

Idan kuwa matafiyi yana nufin dawowa ya karɓi abinsa, to wannan ajiya ce. Karen yana nan a mulkinsa, ciyarwa da allura suna wuyansa, sai ya bar kuɗi ko hatsin da zai isa, ya kuma faɗi wanda za a nema idan wani abu ya faru. Rigima da yawa tana tasowa ne domin mai tafiya yana ganin kyauta ya yi, wanda aka bar wa kuwa yana ganin ajiya ce, sai ranar da karen ya kashe tunkiyar wani kowa ya ce ba nasa ba ne.

Bayyana aibi wajibi ne

A nan ne zuciyar mas'alar take. Mai neman rabuwa da kare yakan yabi haushinsa da ƙarfinsa, ya yi shiru a kan yaron da ya ciza bara. Wannan algus ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ciki, ya tsawata wa mai shi don ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa. To, idan ɓoye danshin hatsi ya jawo wannan tsawa, ina ga ɓoye haƙorin da zai iya yaga fuskar ɗan mutum? Cewa kyauta ce ba ciniki ba, ba ta zama uzuri, domin cutar da za ta biyo baya ɗaya ce.

Saboda haka a faɗa wa mai karɓa komai: sau nawa ya yi cizo, wa ya ciza, yana cin abinci ne ko an taka shi ne, yana bin masu babur, yana kama kaji, yaushe aka yi masa allura. Sa'an nan a zaɓi wanda ya dace da halin karen. Kada a ba gidan da yara suka cika, kada a ba tsohuwar da ba za ta iya riƙe igiyarsa ba, kada kuma a ba wanda zai riƙe shi don wasa ko tsorata maƙwabta, domin ka taimaka masa a kan abin da zai rage masa lada.

Halin kare kashi uku ne

Kashi na farko shi ne mai yawan haushi da ɓarna, amma bai taɓa kai wa mutum baki ba. Sau da yawa irin wannan laifin mai shi ne: ɗauri dare da rana cikin zafi, yunwa, da jifar yara. In ya sami manomi mai gona a bayan gari ko maharbi mai yawo da shi, yakan natsu.

Kashi na biyu shi ne wanda ya yi cizo da dalili, kamar karya mai jego da aka taɓa 'ya'yanta, ko wanda aka doka, ko mai ciwo a jiki. Wannan sai a kai shi ga likitan dabbobi ya duba, sa'an nan a ba wanda ya san karnuka. A sa sabon mai shi ya riƙa zuwa yana ba shi abinci da hannunsa kwanaki kafin tafiya, a kai shi da igiyarsa da kaskon da ya saba, a ɗaure shi a inuwa har ya saba da wurin, domin in an sake shi da wuri tsohon gida zai koma.

Kashi na uku shi ne wanda yake afka wa mutane ba tare da an tsokane shi ba, ya kuma maimaita. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Irin wannan shi ne mai cizon da hadisi ya lissafa cikin dabbobi biyar da aka yarda a kashe ko da mutum yana cikin harami. Ba a kyautar da shi, domin kyautarsa sauya wa bala'i unguwa ne kawai. Sai a sanar da hukuma da likitan dabbobi a kawar da shi cikin gaggawa da sauƙi, domin an umurce mu da kyautatawa ko a wajen kisa. Ba a tara yara su yi ta jifa, ba a ƙona shi, ba a kuma zuba guba a juji inda kaji da awaki da ungulu za su ci.

Ciwon haukar kare

Akwai abu ɗaya da ya wajaba a raba shi da mugun hali. Karen da a da yake da lafiya, sai kwatsam ya canja, yana dalalar da yawu, yana cizon itace da dutse, muryarsa ta sauya, wannan ana tsoron hauka ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane kimanin 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar don allura, kada ya tsaya ga tofi da saiwa kaɗai. Karen da ya yi cizo kuwa a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, ba a miƙa shi ga kowa a cikin waɗannan kwanaki. Allurar rigakafin karnuka ana yin ta a nan ƙasar, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924. Mai tafiya ya tabbata an yi wa karensa, ya miƙa takardar tare da igiyar.

Daga ƙarshe muna kira ga limamai da masu unguwanni daga Yelwa har Ngaski, idan mutum ya zo sallama, kamar yadda ake tambayarsa bashin da ke kansa da abin da ya bar wa iyali, a tambaye shi dabbar da ke gidansa hannun wa ya bar ta. Matafiyi yana roƙon Allah Ya zama halifansa a kan abin da ya bari, to ya fara sauke abin da ke wuyansa tukuna.

Allah Shi ne mafi sani. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya tsare mu daga ɗaukar haƙƙin mutum ko na dabba.