Kafin Jirgi Ya Bar Gaɓa, Ka Leƙa Cikinsa

Yawancinmu 'yan tudu ne. Bahaushe ya san taya, ya san birki, kafin ya ɗora kaya a kan tirela daga Garuwa zuwa Duwala sai ya zagaya ta ya ƙwanƙwasa. Amma mutumin nan, in ya tashi daga New Bell ko PK 14 ya sauka Tiko ko Idenau zai haye Kalaba, Oron ko Malabo, farashi kawai yake tambaya. Ya biya, ya shige, ya miƙa kansa da jarinsa ga abin da bai duba ba.

Akwai wasu mutane da ya kamata mu saci sana'arsu da ido. Su ne masu yawon duniya da ƙananan jirage masu filafilai, waɗanda iska ke turawa. Tun 1986 ake wani gangami duk watan Nuwamba, jirage fiye da ɗari su tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari su ƙetare tekun Atlantika. Yanzu a tsibirin Saint Lucia suke sauka, tafiyar wajen kilomita 5,000, kusan mako uku ba ganin ƙasa. Wani jirgin tsawonsa bai kai tirela ba, mutum uku ko huɗu ne a ciki, wani har da matarsa da 'ya'yansa. Kafin a tashi, masu shirya abin sukan bi jirgi ɗaya bayan ɗaya su duba kayan tsira, wanda nasa bai cika ba sai ya cika. Mai jirgi kuwa yakan yi watanni yana shiri.

Abu na farko ruwan sha ne. A lissafa lita uku ga kowane mutum a rana: mutum huɗu, kwana 21, lita 252 ke nan, wato bidon 13 na lita ashirin, ban da na ko-ta-kwana. Ba sa zuba shi a tanki guda, don kar ya huje ko ya gurɓace a rasa duka. Wasu suna da injin da ke tace ruwan gishiri ya zama na sha, duk da haka sai sun ɗauki bidon, saboda inji ba ya rantsuwa. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa sun san wannan. Da suka isa Sawakin a Sudan, jiragen katako masu filafilai suka shiga zuwa Jidda, kuma tafiyar na hannun iska: in ta kwanta, sai a zauna a kan ruwa ana kallon salka tana raguwa.

Tamu tafiyar ta sa'o'i ce, na sani. To amma sa'o'in na lokacin da inji ke aiki ne. In ya mutu a tsakiyar teku, igiyar ruwa ce ke zaɓa muku hanya. Saboda haka ka ƙirga injinan da ke bayan kwale-kwalen. Ɗaya ne ko biyu? Akwai fulogi da farfela na canji? Masu jirage suna da wata ƙa'ida kan mai: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya a ajiye. Sannan anka da doguwar igiya. Kusa da gaɓa, ita ce ke riƙe jirgin da injinsa ya tsaya kar ruwa ya maka shi kan yashi ko duwatsu.

Inda ya fi shafarmu mu 'yan kasuwa shi ne lodi, kuma a nan zan ɗan daɗe. Jirgi mai filafilai yana da dogon jigo a sama, iska na danna shi gefe, amma bai cika kifewa ba. Dalili, an liƙa masa ƙarfe ko dalma a can ƙarƙashinsa, nauyin da yakan kai kashi ɗaya cikin uku na jirgin gaba ɗaya, wani lokaci ya fi. Duk yadda ya karkata, nauyin nan zai janyo shi ya miƙe. Hatta gwangwanayen abinci da batir da tankin ruwa, ƙasa ake sa su, a tsakiya, a ɗaure. Kwale-kwalen haya ba shi da wannan dalmar. Kayanmu su ne dalmarsa. In an sa buhuna da duro a ƙasa, kayan roba da katifu a sama, jirgi zai zauna daram. In kuwa kowa ya dage sai nasa buhun ya hau sama don kar ya jiƙe, mun mayar da jirgin kamar mai tallan da ya ɗora turmi a ka ya hau gadar katako. Mu ne kuma muke matsa wa yaran jirgi su ƙara dila ɗaya, su ƙara biyu. Ka tsaya a gefe bayan an gama lodi ka ga tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgin. Ruwan tasha kwance yake. Na waje ba haka yake ba.

Ruwan da ya shigo ciki ya fi nauyinsa haɗari. Duk direban tanka ya san rabin lodi ya fi cikakke wuyar tuƙi, don man na gudu gefe a kan kwana. Haka ruwa ke yi a cikin jirgi: ya karkata kaɗan, ruwan duk ya kwarara can, ya ƙara karkatar da shi. Shi ya sa masu dogon zango ke sa famfo na lantarki, su ƙara na hannu, su kuma ajiye bokiti mai igiya. Mu a nan ruwa ta sama ma yake zuwa. Debundscha, dab da Idenau, tana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwan sama a duniya, wajen milimita 10,000 a shekara. Yuli da Agusta teku kan yi fushi. A watan Agustan 2019 ne jirgin Austrheim, da ya taso daga Kalaba zuwa Tiko, ya kife kusa da Bakassi. An ceto mutum fiye da ɗari, an kuma rasa rayuka. Wannan fa jirgin ƙarfe ne, ba kwale-kwale ba. Allah Ya kiyaye gaba.

Waya kuma, kar ta ruɗe ka. Kana yin nisa da gaɓa sabis zai ɗauke. Abin da ke aiki a teku shi ne rediyon oba-oba na VHF, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya, manyan jirage suna sauraronta. Masu ƙetare Atlantika suna ƙarawa da wata ƙaramar na'ura da ke aika kira ta tauraron ɗan'adam ta faɗi inda suke, da kwale-kwalen roba mai hura kansa. Ba na tsammanin ka samu waɗannan a jirgin haya na katako. Amma oba-oba, kamfas ko GPS, da tocila mai ƙarfi, ba su fi ƙarfin mai injin Yamaha biyu ba. Ka tambaya. In ya ɓata rai, ka jira na gobe.

Rigar ceto ita ce abin da ke hannunka kai kaɗai. Wanda ke bin hanyar nan sau da yawa a shekara, ya sayi tasa, mai usur a jiki, ya sa ta tun kafin a tashi, don in abu ya faru ba a samun lokacin lalube a ƙarƙashin buhuna. Babbar riga da zani in sun sha ruwa suna ɗaure ƙafa da hannu, gara a shiga da kaya marasa yawa. Uwargida, in da yara za a tafi, rigar babba ba ta yi wa yaro: yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa. A nemi daidai jikinsa, mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu. Takardu da kuɗi a ƙulle su cikin leda biyu a jiki. Sannan kafin sabis ya ɗauke, a kira gida a faɗi sunan jirgin, tashar da aka taso, ƙarfe nawa, da lokacin da ake sa ran sauka, don in shiru ya yi yawa na gida su san inda za su fara tambaya.