Linzami Ya Fi Ƙarfin Bakin Kaza: Manyan Babura A Kan Titunanmu

Akwai babur a duniyar nan da yake da giyar komawa baya kamar mota. Sunansa Gold Wing, kamfanin Honda na Japan ne yake ƙera shi tun 1975, kuma tun 1988 aka sa masa wannan giya, saboda nauyinsa ya kai inda ƙato majiyi ƙarfi ba zai iya jan sa baya da ƙafa ba idan ya tsaya a gangare. Na yanzu injinsa silinda shida ne, cc 1,833, nauyinsa ya doshi kilo 390, ga kujera mai ɗumama jiki, ga rediyo, ga akwatunan zuba kaya, har da jakar iska mai tare mahayi idan an yi karo, wadda aka fara sa masa a 2006. Idan mai karatu yana son ma'auni, Boxer ɗin da ke kai mu kasuwa cc 100 ne, kuma da kaɗan ya haura kilo 100. Wato sai an tara injin Boxer goma sha takwas kafin a cike cikin wannan guda ɗaya.

Irin waɗannan babura, da 'yan uwansu Harley-Davidson da BMW da Kawasaki, yanzu sun daina zama abin kallo a fim kawai. Duk ƙarshen mako ana jin rugugin su a Abuja, ana ganin ayarinsu a hanyar Kaduna, wani lokaci har cikin Kano da Jos. Yara na bin su da ihu, dattawa na girgiza kai. Ni ba na cikin masu ganin abin a matsayin shashanci, domin mu jama'a ne da muka daɗe da sanin daɗin kilisa. Mutumin da kakansa ya ɗaure doki a turke, ya saya masa sirdi da jalala da likkafa na alfarma, ba don noma ko fatauci ba sai don hawa da yamma da ranar sallah, ba shi da bakin cewa sha'awar abin hawa baƙon abu ne. Damuwata a wani wuri take: yadda ake sayen waɗannan babura, da irin hanyar da ake hawa da su, da kuma dokar da ba ta san da zamansu ba.

Al'adar sauya wa babur kamanni ta yi ƙarfi ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojoji suka dawo gida suka tarar da tsofaffin baburan Harley na soja a araha. Sai suka shiga cire duk abin da suke ganin nauyi ne kawai, suna yanke ƙarfen jiki, suna tsawaita ƙafar gaba, suna ɗaga hannu sama. Fim ɗin Easy Rider na 1969 shi ya yaɗa wannan salo a duniya, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne baƙaƙen fata biyu ne, Cliff Vaughs da Ben Hardy, suka tsara kuma suka haɗa baburan fim ɗin daga tsofaffin baburan 'yan sanda. An yi shekaru ana yabon fim ɗin ba a ambatar su. Daga nan abin ya zama gasa. A jihar Tennessee akwai kamfanin Boss Hoss da ke ɗora injin motar Chevrolet mai silinda takwas a kan taya biyu. A Louisiana an ƙera wani mai suna Y2K da injin jirgi mai saukar ungulu. A 2003 kamfanin Dodge ya nuna Tomahawk, mai injin motar Viper silinda goma da tayoyi huɗu, wanda doka ba ta ma yarda a hau titi da shi ba. Waɗannan na ƙarshe kayan ajiyar attajirai ne, a ɗaki ake kallon su.

Amma idan ana maganar sarrafa babur, ban ga dalilin da zai sa mu riƙa ɗaga kai muna kallon Amurka kaɗai ba. A je kowace kasuwar ƙauye ranar ci, a ga abin da makanikai da masu walda suka mayar da Boxer: an ƙara masa ƙarfe a baya, an tsawaita kujera, an ƙarfafa ƙafar baya, yana ɗauke da buhunan hatsi ko jarkoki ko akuya uku a hanyar da mota ba ta shiga. A cikin birnin Kano kuwa, naƙasassun da cutar shan inna ta taɓa sun daɗe suna mayar da ƙaramin babur mai taya uku da hannunsu, su hau su nemi abincinsu ba tare da roƙon kowa ba. A wurina wannan ya fi babur mai injin jirgi daraja nesa ba kusa ba, domin buƙata ce ta haife shi. Abin takaici kawai shi ne babu wata hukuma da ke duba ingancin waldar, kuma babu makarantar da ta ɗauki wannan fasaha da muhimmanci. Ɗaya ɓangaren kwaskwarimar tamu kuma, wato cire madubi da fasa salansa don a yi ƙara da liƙa fitilu masu kashe ido, wannan ɓarna ce da aka sa wa sunan ado.

Mu koma kan manyan. Wanda zai sayi babban babur a ƙasar nan, kuɗin saye shi ne mafi sauƙin abin da zai biya. Kusan duka na hannu ne ake shigowa da su, da dala ake sayen su, da dala ake sayen kayan gyaransu, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun tsakiyar 2023. Tayar irin wannan babur roba ce mai laushi don ta kama kwalta, saboda haka tana cinyewa da wuri fiye da ta mota, kuma ba a samun ta a kowane shago. Injinsa ba kabureta yake amfani da ita ba, kwamfuta ce ke auna masa mai, don haka galan ɗaya na gurɓataccen fetur daga hannun 'yan bumburutu ya isa ya kwantar da shi. Idan ya kwanta, bakaniken unguwa da ya ƙware a Jincheng ba shi da na'urar da zai tambayi kwamfutar abin da ke damunta. Na san gidaje fiye da ɗaya inda irin wannan babur yake jingine a gareji, an lulluɓe shi da tamfol, ƙura ta rufe shi, ana jiran wani ɗan ƙaramin ƙarfe daga Turai wata da watanni. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai masu sayen nan da yawa fenti da ƙara suka saya, ba su tambayi sauran ba.

Sai maganar hanya. An ƙera Gold Wing da manyan Harley ne domin shimfiɗaɗɗun titunan Amurka, inda mutum zai yi awa biyar bai taka birki ba. Tsakanin cikin Gold Wing da ƙasa santimita 13 ne kacal. A auna wannan da tudun rage gudu da kowane ƙauye ke ginawa yadda ya ga dama, da ramukan da damina ke bari. Abin mamaki shi ne babur ɗin da ya dace da ƙasarmu a yankinmu aka gwada shi. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978, ta sha ratsa Agadas da hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar. A nan BMW ya yi suna, inda Hubert Auriol ya ci gasar a 1981 da 1983, daga nan jerin baburan GS suka samu karɓuwa a duniya. Yamaha kuwa sunan hamadar ma ya ɗauka ya sa wa babur ɗinsa Ténéré, Honda ya kira nasa Africa Twin. Dogaye ne, suna da tsawon ƙafa, suna shanye rami. Kuma girma ba shi ne sharaɗin tafiya mai nisa ba: a 2022 Kunle Adeyanju ya taso daga Landan ya iso Legas cikin kimanin kwana 40 domin tara kuɗin yaƙi da shan inna, a kan Honda CB500X, wanda injinsa bai cika cc 500 ba.

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne lasisi. A Najeriya rukuni ɗaya ne na babur, rukunin A. Takardar da ta halatta wa mutum hawa roba-roba ita ce ta halatta masa hawa abin da ke iya haura kilomita 200 a awa, in ma ya damu da neman takardar ke nan. A Ingila ba haka ake yi ba. Ɗan shekara 17 ba zai wuce cc 125 ba. Idan ya kai 19 sai ya yi wata jarrabawa ya hau matsakaici. Babban babur kuwa sai ya kai 24, ko kuma 21 idan ya yi shekara biyu a kan matsakaicin. Dalilin a fili yake. Mai gudun kilomita 160 a awa yana cinye mita 44 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu yake yi. Kafin ido ya gaya wa hannu cewa ga saniya ta fito daga daji, an riga an isa gare ta. A nan kuwa yaro zai gama sakandare, uba ya saya masa babur mai cc 1,000 a matsayin tukwici, ya koyi hawa a kansa a titin unguwa. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A Disamban 2017 ƙasar nan gaba ɗaya ta ji labarin hatsarin da Yusuf, ɗan Shugaba Muhammadu Buhari, ya yi da babban babur a Gwarimpa, inda ya samu karaya da rauni a ka, har aka fitar da shi waje neman magani. Allah Ya tashi kafaɗunsa. 'Ya'yan mutane nawa ne suke da jirgin da zai ɗauke su?

Hular kwano ma labarinta abin dariya ne mai sa kuka. Lokacin da aka fara tilasta sa ta a Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a ka, wasu bokitin fenti. Alhali binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ke dogara da shi ya nuna hula mai inganci tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100. A nan dole in yaba wa ƙungiyoyin masu manyan babura da ke tafiya a ayari: mafi yawansu ba sa barin kowa ya bi su babu hula da riga mai kariya da safar hannu da takalmi, suna da mai jan gaba da mai rufe baya. Matsalar tana wurin ɗan gata mai hawa shi kaɗai da jallabiya da silifa, da masu ɗaga tayar gaba a wurin ɗaurin aure.

Akwai kuma batun adalci, wanda ba a cika son taɓawa ba. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006. A Kano an hana goyo a babur a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero. A jihar Tillaberi ta Nijar an hana zirga-zirgar babura a farkon 2020, jihohin Arewa maso Yamma ma sun sha kafa irin wannan doka saboda 'yan bindiga. Akwai dalilan tsaro, ban musa ba. Amma talaka yana kallo ana loda babur ɗin da yake ciyar da iyalinsa da shi a bayan motar hukuma, a daidai lokacin da mai babur na miliyoyi ya wuce da gudun da ya ninka ƙa'ida, jami'i har yana ɗaga masa hannu. Legas aƙalla ta rubuta bambancin a takarda, dokarta ta 2012 ta hana baburan da ba su kai cc 200 ba hawa manyan hanyoyi. A yawancin jihohinmu babu wani abu a rubuce. Tsadar babur da shigar mahayinsa su ne suke yanke hukunci a shingen bincike.

Ba hana manyan babura nake nema ba. Hani shi ne maganin da gwamnatocinmu suka fi saurin kai hannu gare shi, kuma kullum a kan marar ƙarfi yake ƙarewa. Abin da nake nema Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa tana da ikon fara shi: a raba lasisin babur gida uku gwargwadon ƙarfin inji da shekarun mahayi, a sa jarrabawar hawa ta gaske a fili, a hana dillali miƙa makullin babban babur ga wanda bai nuna takardar rukunin ba. Ƙungiyoyin mahayan nan suna da ƙwararrun da za su iya koyarwa, da yawansu ma a waje suka yi horo da kuɗinsu. Jihohi kuma su ware fili ɗaya a bayan gari, ko da tsohon filin sukuwa ne, inda mai son gwada gudu zai biya kuɗi ya shiga, ga motar asibiti a tsaye, maimakon titin da 'yan makaranta ke tsallakawa. Daga cikin kuɗin shigar da na rajistar manyan baburan sai a ɗauki nauyin horar da masu waldar da ke haɗa wa naƙasassu babur mai taya uku, a kuma samar da jami'in da zai riƙa duba aikinsu kafin ya hau titi.