Tarbar mai tambaya: darasin da ake koya wa ma'aikatan laburare

Duk wanda ya daɗe da rumfa a kasuwar Kejetia ya san mai saye ba ya faɗin abin da ke ransa tun farko. Zai ce atamfa yake so, sai an ja shi da hira a gane ta lefe ce. To, irin wannan dabarar ce ake koya wa ɗaliban aikin laburare masu neman digiri na biyu, kamar a Legon, ko ABU Zariya da ta buɗe sashenta a 1968.

A shekarar ce kuma wani masani Ba'amurke, Robert Taylor, ya bayyana cewa tambayar da mutum ke furtawa gaban tebur sau da yawa ba ita ce ainihin buƙatarsa ba. Shi ya sa ake horar da ɗalibi ya saurara, kada ya katse magana, sannan ya maimaita abin da ya ji domin a tabbatar.

A nan Zongon Kumasi, a ganina akwai saura. A ce mai fataucin albasa da ke bi ta Paga ya shiga Laburaren Ashanti, ya ce yana neman "littafin kwastan". Abin da ke damunsa shi ne ko sai da takardar shaidar asalin kaya zai wuce, alhali tsarin ECOWAS ya ɗauke wa amfanin gona wannan takarda. In aka tarbe shi da Turanci, babu ko sannu da zuwa, aka nuna masa kanta da yatsa, ficewa zai yi, ya koma hannun 'yan kamashon boda.