Launin Gashi Ko Tsatso: Me Ke Sa Salwa Ta Yi Ƙwai?

Mai shirin kiwon salwa a bayan gidansa a Shadawanka, ko a wata unguwa ta birnin Bauchi, yakan fara da tambaya guda: fara zan saya, ko mai ruwan ƙasa, ko mai ruwan ɗorawa? Tambayar ba laifi ba ce, domin launi ne abin da ido ke fara gani. Sai dai yawan ƙwai ya fi rataya a kan tsatson tsuntsuwar da yadda aka haɗa iyayenta zuriya bayan zuriya, kuma tarihin salwar kanta ne babbar shaida. Salwar da ake kiwo a Najeriya 'yar asalin Japan ce, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ce ta shigo da ita a 1992. 'Yar uwarta ta daji takan saka ƙwai 7 zuwa 14 ne ta kwanta a kansu, alhali ta keji mai kyakkyawar kulawa kan kai 250 ko fiye a shekara. Idan aka ajiye su gefe da gefe, gashinsu kusan iri ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne zaɓen da Japanawa suka dinga yi tun farkon ƙarni na 20, suna ware mafi ƙwai suna mayar da su iyaye. Kama da wane ba ta wane.

Wannan zaɓe yana saurin nuna sakamako ne saboda gajeren zangon rayuwar salwa. Ƙwai na ƙyanƙyashewa cikin kwana 17, mace ta fara saka nata tana da mako 6 zuwa 7, don haka ana iya samun zuriya 3 ko 4 a shekara guda. Saurin nan kuwa yana gyarawa, yana kuma ɓatawa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1966 ya nuna salwa ba ta jure haɗin jini ɗaya: da aka riƙa haɗa wa da ƙanwa a jere, zuwa zuriya ta uku ƙyanƙyasa da rayuwar 'yan tsaki sun kusa durƙushewa, yawan ƙwai ma ya ja baya. Mai kiwon da ya fara da tsuntsaye kaɗan daga hannu ɗaya, ya ci gaba da zuba ƙwansu a injin ƙyanƙyasa ba tare da sabon namiji daga waje ba, yana kan wannan hanya ko da bai sani ba.

Wani zai ce shi da idonsa ya ga masu ruwan ƙasa sun fi farare ƙwai a kejinsa. Ba za a ƙaryata shi ba, amma a tambayi asalin fararen. Launin da ba shi da yawa yakan fito ne daga iyaye ƙalilan, kuma don kada ya ɓace sai a yi ta haɗa dangi da dangi, raunin da haɗin ya haifar kuma a ɗora wa gashi. Duk da haka launi na da nasa tasirin a wurare biyu. Akwai wani nau'in ruwan ɗorawa wanda idan ɗan tsako ya gaji ƙwayar halittarsa daga uwa da uba gaba ɗaya, yakan mutu tun cikin ƙwai, har a yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙyanƙyasa. Sannan masu ruwan ƙasa ana bambance jinsinsu tun suna mako 3, domin ƙirjin mace dabbare-dabbare ne, na namiji kuwa ja-ja. Farare ba su da wannan alama, sai mutum ya yi ta ciyar da maza yana lissafa su cikin masu ƙwai.

Wani kuma zai ce abinci da yanayi sun fi duk wannan. Gaskiya ne salwa mai ƙwai na buƙatar abinci mai furotin kusan kashi 20 cikin 100, da sinadarin kalsiyam don ɓawo, da hasken awa 14 zuwa 16 a yini, kuma zafin Maris da Afrilu a Bauchi na rage mata ci da ƙwai. Amma kulawa tana fito da abin da tsuntsuwa ta gada ne kawai, ba ta ƙara mata abin da iyayenta ba su ba ta ba. Saboda haka wanda ya je sayen 'yan tsaki ya tambayi inda iyayensu suka fito da lokacin da aka sauya mazan garken. Idan ya dawo gida ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta ƙwan kowane keji kullum, daga kejin da ya fi ne zai ɗebi ƙwan ƙyanƙyasa, ko wane launi ne a cikinsa.