Dashen haƙori: Me ake yi idan tantanin kogon kunci ya yage?

A saman haƙoran tauna akwai wani kogon iska cikin ƙashin kunci, likitoci na kiransa sainos. Idan haƙori ya daɗe da fita, ƙashin wurin yakan zaizaye har ya kasa riƙe ƙusar titaniyom da ake dasawa. Sai likita ya buɗe ƙashin ta gefe, ya ɗaga tantanin da ke shimfiɗe a kogon, ya cusa garin ƙashi a ƙarƙashinsa. Likitocin Amurka Boyne da James sun wallafa dabarar a 1980.

Tantanin siriri ne kamar fatar cikin ɓawon ƙwai, shi ya sa yagewarsa ce matsalar da aka fi cin karo da ita. Ƙaramar yaga takan rufe idan tantanin ya naɗe. Wadda ta fi haka, ana lulluɓe ta da ƙyallen kolajin da jiki ke narkarwa daga baya. Idan ta yi girma, a ɗinke, ko a dakatar da aikin sai bayan watanni, kuma haƙurin nan ya fi, don garin ƙashi in ya zube cikin kogon yakan jawo ruɓa.

Wanda aka yi wa aikin ya guji fyace hanci da shan taba har sai likita ya ba shi izini.