Hoton Manomi A Gindin Tulin Auduga

Malamai da akawuna da ke yawan ɗaukar hoto a kasuwannin auduga na ƙasar Funtua da Malumfashi sukan yi kukan abu guda: auduga ta fito toka-toka, fuskar manomi kuwa ta yi duhu har ɗansa ba ya shaida shi.

Ga dalili. Kyamara, ko ta rataye ko ta cikin waya, awon haske take yi. In fari ya cika mata ido, sai ta zaci haske ya yi yawa, ta rage. To, mu ne za mu nuna mata abin da muke so, watau a taɓa fuskar mutumin a jikin gilashin waya, sa'an nan a ƙara haske kaɗan.

Tsakar rana ba lokacin hoto ba ne, domin malfa takan jefa inuwa bisa idanu. Hantsi ya fi, ko kuwa la'asar sakaliya. In hazo ya sauko, kamar yadda yakan yi a watan Disamba da Janairu, a matso kusa, gama abin da ke nesa dishi-dishi zai fito.

Wajen gyara, a buɗe inuwa, a yanke gefen da ba shi da amfani. Amma fa ba mu yarda da gogen nan da samari ke yi wa fata ba, har tsagen gado ya ɓace daga kuncin dattijo. Jikokinsa za su nemi tsagen nan a hoton.